Kwamfuta ba ta san burtali ba

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman 'yan aji huɗu da aji biyar da ke ta fama da zaɓen taken furojet. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, don haka wanda datarsa ke hararar ƙarewa ya ajiye shi sai lokacin garaɓasar dare.

Da yawanku kun sha leƙo allon laftof ɗina a hostel ku ga tuddai da kwari da ƙananan motoci suna kai da kawowa, ku ce wai wannan bawan Allah gem yake bugawa alhali jarrabawa ta ƙarato. To ba gem ba ne, ko da yake ɗan uwan gem ne na jini. Safiyo da ilimin taswira nake karantawa a nan Ibadan, kuma aikina na ƙarshe a kan yadda ake sa kwamfuta ta zana hanyoyin mota ne a kan ƙasar da aka ƙera a cikinta, sannan a saki motocin ƙarya su bi hanyar, a ga abin da zai faru tun kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya. Wata bakwai ke nan ina kan wannan aiki, kuma abu ɗaya ya fi tsaya mini a rai: kwamfuta ta fi mu duka saurin lissafi, amma abin da aka gaya mata kaɗai ta sani, garuruwanmu kuwa kusan ba wanda ya gaya mata komai a kansu.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don wanda ba fanninsa ba ne ya bi ni.

Abu na farko, ƙasar kanta. Ka ɗauka an shimfiɗa wata ƙatuwar tabarma mai gida-gida kamar dara a kan duniya, kowane gida an rubuta masa lamba ɗaya: tsayin wurin daga matakin teku. Shi ke nan, wannan ita ce ƙasar cikin kwamfuta. In ka ba manhaja waɗannan lambobi sai ta ɗaga inda lamba ta yi yawa, ta lotsa inda ta yi kaɗan, sai ga dutse ga kwari a gabanka. Lambobin da yawancinmu ɗalibai ke amfani da su, saboda kyauta ne, su ne na SRTM. A watan Fabrairun 2000 hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon Endeavour da na'urar rada, ya yi kwana 11 yana kewaya duniya yana auna tsayin ƙasa, ya ɗauko kusan kashi 80 cikin 100 na tudun duniya. Da farko abin da aka sakar wa Afirka gida ɗaya mita 90 ne, sai a 2014 aka saki mai mita 30. Ka riƙe wannan watan na Fabrairu a ranka, zan dawo kansa.

Abu na biyu, neman hanya. Kana da gari a nan, kana da titin kwalta a can, ta ina za a bi? A 1959 wani ɗan ƙasar Holan mai suna Edsger Dijkstra ya wallafa dabarar lissafin gano hanya mafi sauƙi tsakanin wurare biyu, a 1968 kuma wasu masana uku a Amurka, Hart da Nilsson da Raphael, suka fito da wadda ake kira A*, wadda ta fi sauri don tana hasashen inda aka dosa maimakon ta yi ta lalube ko'ina. Sirrin shi ne, "mafi sauƙi" ba yana nufin mafi gajarta ba. Kai ne za ka yanka wa kowane gidan tabarmar nan kuɗin wucewa. Fili shimfiɗaɗɗe, kuɗi kaɗan. Hawa mai tsauri, kuɗi da yawa. Ruwa, kuɗi mai yawan gaske, domin gada ake magana. Kwamfuta sai ta nemo hanyar da jimillar kuɗinta ta fi ƙanƙanta. A 2010 Eric Galin da abokan aikinsa a Faransa suka wallafa aikin da na jingina nawa da shi, inda suka haɗa hawa da gangara da ruwa da itatuwa da kaifin kwana cikin lissafi guda, har kwamfuta na iya yanke shawarar inda gada ta fi arha da inda gara a huda dutse.

Ranar da na fara gwada wannan a kan tuddan Ibadan, wajen Oke Are, na ce kada hawa ya wuce mita 6 a kowace mita 100. Wallahi sai na ga layin ya ƙi hawa kai tsaye, ya riƙa lanƙwasa yana nannaɗe tudun kamar maciji. Duk wanda ya taɓa kora jaki da kaya ya san wannan tafiyar. Jaki ba ya tunkarar tudu gaba da gaba, karkacewa yake yi. Ashe abin da Bature ya rubuta da lissafi, jakin Kawuna ya daɗe da sani.

Abu na uku, gyaran layin. Abin da kwamfuta ke fitarwa da farko layi ne mai karye-karye, ba motar da za ta iya bin sa. Dole a mayar da shi miƙaƙƙun layuka da kwanoni. Kuma kwana ba a shiga ta bagatatan. Tsakanin miƙaƙƙiyar hanya da cikakkiyar kwana ana sa wani lanƙwasa da ke ƙara matsewa sannu a hankali, wanda injiniyoyi ke kira kulotoyid, don direba ya riƙa murza sitiyari kaɗan-kaɗan maimakon ya fizge shi lokaci guda. In ka taɓa shiga wata kwana a mota ka ji an watsa ka jikin ƙofa, to mai yiwuwa wannan lanƙwasan ne bai wadatu ba. Daga nan sai lissafin ƙasa: nawa za a yanke daga tudu, nawa za a cike a kwari. Gwanin mai zane yana ƙoƙarin ganin ƙasar da aka yanke ta yi daidai da wadda za a cike, domin kowace tifa da za ta ɗauko burji daga nesa kuɗi ce.

Wannan duk hanya ɗaya ce. In birni sukutum ake so fa? A 2001 Yoav Parish da Pascal Müller a birnin Zurik suka aro wata dabara daga masanin tsirrai Aristid Lindenmayer, wanda tun 1968 ya tsara ƙa'idojin da ke kwatanta yadda tsiro ke yin rassa. Suka ce titi ma haka yake: ya miƙe, ya yi reshe, in ya ci karo da wani titin su haɗu, in ya ci karo da ruwa ya kauce. Daga wannan aikin aka samu manhajar CityEngine, wadda kamfanin Esri ya saya a 2011, kuma masu fina-finai da masu gem da masu tsara birane suna amfani da ita su tsirar da birni cikin mintuna. Amma ka duba samfuran titunan da suka zayyana a takardar: akwai na Niyok mai gida huɗu-huɗu, akwai na Faris mai fitowa daga tsakiya, akwai na San Faransisko mai bin tudu. Na karanta na sake karantawa. Babu lungu.

Ka tuna cikin birnin Kano. Manyan hanyoyi sun taso daga ƙofofi, Ƙofar Mata, Ƙofar Wambai, Kabuga, Ƙofar Na'isa, suna gangarowa wajen Kasuwar Kurmi da fada da babban masallaci. Tsakaninsu kuwa lunguna ne, wani ya ɓulle, wani ya ƙare a ƙofar gida, wani ya kewaye kududdufi. Baƙo zai ce ba tsari. Akwai tsari mana. Mai gida ya rasu, aka raba gado, aka ja katanga, ɗa na biyu yana buƙatar ƙofarsa, sai aka bar masa 'yar siririyar hanya. Zaure yana kallon waje, cikin gida yana ɓuya. Ƙa'ida ce kamar ta rassan itace, ana iya rubuta ta da lissafi tsaf. Abin da ya rage shi ne wanda ya tashi a lungun ya zauna ya rubuta. Duk ɗan kimiyyar kwamfuta a cikinku da ke neman take, ga shi nan na ba ka kyauta.

Abu na huɗu, sakin motoci. Manhajar da nake amfani da ita sunanta SUMO, cibiyar binciken sufuri da sararin samaniya ta Jamus ce ta fara ta a 2001, kuma kyauta ce. Kana ba ta taswirar hanyoyi, ka gaya mata motoci nawa ke tasowa daga ina zuwa ina, sai ta sake su. Ranar farko da ka kalli motocin za ka yi dariya. Kowa na layinsa, kowa ya bar tazara, danja ta nuna ja kowa ya tsaya cak. Motocin Jamus ne tsaf. Babu Micra irin ta Ibadan da za ta tsaya tsakiyar titi ta ɗauki fasinja, babu ɗan acaɓa mai kutsawa tsakanin tirela biyu, balle Adaidaita Sahu, wadda tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 ta zama ita ce sarauniyar titi. Manhajar tana da hanyar da za ka rarraba layi gida-gida don babura su riƙa kutse, tana ba ka damar ƙirƙirar abin hawa mai faɗi da gudu da halin da kake so. Amma sai ka san halin kafin ka rubuta shi. Amalanken shanu gudunsa nawa? In garke ya shiga titi ranar Juma'ar kasuwar Wudil, ko ranar Alhamis ta Maigatari, minti nawa ake yi a tsaye? Babu wannan a littafin kowa.

Kada wani ya ce ai duk wannan wasa ne, titi dai a ƙara shi kawai cunkoso ya ragu. A 1968 wani masanin lissafi Bajamushe, Dietrich Braess, ya nuna cewa ana iya ƙara sabon titi a birni tafiya ta ƙara tsawo ga kowa, domin kowane direba zai ruga sabuwar hanyar yana neman sauƙin kansa, a taru a toshe. A Seoul ta Koriya ta Kudu, a 2003 aka fara rushe wata babbar gadar sama da ke tsakiyar birni, aka dawo da rafin da ke ƙarƙashinta, kuma birnin bai tsaya ba. Mu da ake ta gina gadojin sama da na ƙasa a manyan biranenmu, ai ya kamata a ce akwai yaranmu da za su iya gwada kowace a kwamfuta kafin a fasa ƙasa. Gwaji a kwamfuta kuɗin wuta da data ne. Gwaji da kankare kuwa, in bai yi ba, shekara arba'in za a yi ana kallonsa.

Yanzu ga inda abin ya taɓa ni.

Lokacin zaɓen wurin da za a yi aiki a kai, yawancin 'yan ajinmu sun ɗauki Legas ko cikin Ibadan. Ba laifinsu ba ne, nan ne bayanai suke a shirye: kowane titi da sunansa, kowace mahaɗa a zane. Ni kuma na ce garinmu nake so. Ƙauyenmu yana Jigawa, a fadamar Kogin Haɗeja, kuma tsakaninmu da kwalta tafiya ce da da rani ba ta kai rabin awa a babur, da damina kuwa sai abin da Allah ya yi. Na san matan da naƙuda ta zo musu da gardama a watan Agusta aka rasa motar da za ta shigo. Na san shinkafar da aka sayar da arha a bakin gona saboda ba hanyar fitar da ita. Malamin da ke duba aikina, Bayarabe ne dattijo mai kirki, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, ɗana, ba na hana ka ba ne, amma ina bayananka? In za ka iya kawo su da ƙafarka, je ka.

Na sauke lambobin SRTM na yankinmu, na sa farashin hawa da na ruwa kamar yadda littafi ya ce, na danna. Cikin daƙiƙa kaɗan ta ba ni kyakkyawar hanya, miƙaƙƙiya sambal kamar an ja da zare. Na tura wa ƙanena hoton ya nuna wa Baba. Da daddare Baba ya kira ni yana dariya har da tari. Ya ce, "Kai yaro, injin naku kwalekwale zai saya mana ne? Nan da ya bi, in Agusta ta yi, tsayin mutum ruwa yake yi." Na ce, "Baba, ai a wurinsa fili ne." Ya ce, "To ka gaishe shi, ka ce masa fadama ce."

Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, gaskiyar abin da aka ba ta ta faɗa. Ka tuna watan da kumbon ya wuce? Fabrairu. Tsakiyar rani, fadama ta bushe ƙayau. Sannan lambobin SRTM cikakkun mitoci ne, babu rabi babu kwata, kuma kuskurensu kan kai mita da dama. A tuddan Ibadan wannan ba wani abu ba ne, tudu tudu ne. Amma a ƙasarmu da take a shimfiɗe kamar faifai, bambancin rabin mita shi ne bambancin gonar gero da tafkin kifi. Ƙari a kan haka, rada ba ta bambance ƙasa da kan itace sosai, don haka kurmin mangwaro sai ya fito kamar ɗan tudu. Kuma a 2000 aka auna. Ruwan yankinmu kuwa ba ya zama wuri ɗaya: tun da aka gina madatsar Tiga a shekarun 1970 da ta Challawa a farkon shekarun 1990 tafiyar kogin ta canza, ga ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa tana tura shi inda da ba ya zuwa. Ambaliyar 2022 ta shiga wuraren da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin ruwa ba.

Ba fadama kaɗai ba. Layin ya ɗauki burtali ya bi ta kansa na tsawon kusan kilomita biyu, saboda burtali fili ne babu gida babu itace, wato a lissafi wuri ne mai arha. Ya kuma shafi gefen maƙabartarmu. A wurin kwamfuta duk gidajen tabarma ne masu lamba.

Da aka yi hutu na tafi gida da waya mai GPS da littafin rubutu da fawa banki biyu. Kafin in taka ko'ina sai da Baba ya kai ni wajen mai unguwa na yi bayani, domin a wannan zamani saurayi ya riƙa yawo a daji yana danna waya ba tare da an san shi ba, neman magana ne. Mai unguwa ya saurara ya ce, "Wato dai gwamnati ce ta aiko ka?" Na ce, "A'a ranka ya daɗe, makaranta ce, kuma ban yi alƙawarin titi ba. Zane ne kawai, amma ina so zanen ya zama na gaskiya." Ya haɗa ni da Kawuna da wani dattijo masunci, aka kuma aika wa Ardo.

Kwana tara muka yi muna tafiya. Duk inda ruwan 2022 ya bar zane a jikin katanga ko gindin itace, na tsaya na auna da tef na ɗauki lambar wurin. Dattijon masunci yana tafe yana nuna mini: nan ruwa ke fara shigowa, nan yake daɗewa har kaka, wancan tudun mai kuka uku ko a shekarar babban ruwa a kansa aka tara awaki. Yana karanta ƙasa daga ciyawarta da launin turɓayarta da inda gara ta yi suri. Ardo kuwa da sandarsa ya zana mini burtalin a ƙasa tun daga inda yake shigowa har mashaya, ya ce, "Ɗan Malam, in titi ya tsallaka burtali a wuri ɗaya, ba damuwa, mu tsaya mota ta wuce. Amma in ya hau kansa ya bi, shanu dole su sauka gona. Ka san abin da ke biyo baya." Na sani. Duk wanda ya tashi a Arewa ya sani.

Na dawo makaranta na zuba waɗannan duka a QGIS, kowanne da shimfiɗarsa. Inda ruwa ke kwanciya, kuɗi mai yawa. Inda yake ratsawa ya wuce, kuɗin kwalbati. Burtali, tsallakawa da arha, bin tsawonsa da tsada. Maƙabarta, na sa lambar da ba ta da iyaka, wato ko ta halin ƙaƙa ba a bi. Na sake dannawa. Sabuwar hanyar ta fi ta farko tsawo da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ta karkace ta hau jigawa, wannan doguwar tudun yashi da jihar tamu ta samo suna daga gare ta, ta bi bayanta, ta tsallaka ruwa a wuri biyu kacal inda ya fi ƙunci. Da Baba ya ga wannan bai yi dariya ba. Shiru ya yi, sannan ya ce, "Ai wannan tsohuwar hanyar fatake ce. Nan kakanka ke bi da jakuna."

To a nan ne nake so mu tsaya mu yi tunani, 'yan uwa. Duk wannan lissafi mai ban sha'awa a kan lambobin farashi yake tsaye, kuma mutum ne ke rubuta su da yatsunsa. Nawa ne farashin ratsa gonar gwauruwa mai marayu biyar, wadda diyyar da za a ba ta ba za ta sayi rabin irinta ba? Nawa ne farashin filin Idi? Nawa ne na rijiyar da unguwa uku ke sha? Babu amsa a littafin Dijkstra. Kuma abin tsoron shi ne, duk abin da ba a rubuta masa lamba ba, kwamfuta sifili take ba shi. Ba ƙiyayya ba ce, ba makirci ba ne. Injiniyan da ke zaune a ofis a Abuja ko Legas ko wata ƙasa, yana kallon hoton tauraron ɗan Adam da aka ɗauka da rani, ba zai ga burtali ba ko da shi waliyyi ne. In babu ɗayanmu a ɗakin, farashin abubuwanmu sifili ne.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Akwai abokina a aji, ɗan yankin Neja Dalta, da ya ga aikina sai ya ce su ma haka: a wurinsu rada kan itatuwan fadamar gishiri take aunawa ta ce tudu ne, kuma rabin hanyoyinsu ma ruwa ne, jirgi ke bi. Wata Bayarabiya 'yar ajinmu ta ce a garinsu akwai kurmin da ba a sare wa ko reshe. Sai da na yi minti ashirin ina yi musu bayanin burtali da allo da maka, kuma ranar ce na fara jin cewa zama "Malam" ko "Aboki" a ajin nan ba abin da zan riƙa haɗiyewa ba ne kawai, akwai abin da na zo da shi wanda babu a jakar kowa. Da yawanmu in mun zo Kudu sai mu lafe, mu ɗauki taken da kowa ke ɗauka don a rabu lafiya. Na fahimci dalili. Amma ilimin da ke kan Babanka da Kawunka da Innarka bayanai ne, irin waɗanda ba a sauke su a intanet.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Laftof ɗina tsohuwa ce, in na saki motoci dubu biyu sai fankarta ta riƙa kuka kamar injin markaɗe. Wutar hostel kun san halinta. Rabin aikin nan a shagon wani mai shayi a Sabo na yi shi, bawan Allah ɗan Sakkwato da ke bari in sa caji a janaretansa, in na idar ya ce, "Injiniya, yaushe za a zana ta garinmu?" Amma duk manhajojin da na ambata na aikina, QGIS da SUMO, ko sisi ban biya ba. Kuma fannin yana da faɗi. Masu ƙera motoci masu tuƙa kansu suna gwada su ne a biranen ƙarya, irin na manhajar CARLA da ta fito a 2017. Masu gem suna buƙatar hanyoyi. Kamfanonin gine-gine suna neman wanda ya iya Civil 3D. Ba na ce aiki na jiran kowa a bakin get ba, amma wanda ya iya wannan ba zai rasa abin nunawa ba.

Ga abin da kowa zai iya yi, ko Hausa kake karantawa ko aikin jinya. Akwai taswirar duniya ta kyauta mai suna OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, kuma kowa na iya gyara ta. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, 'yan sa-kai daga ko'ina suka zana titunan babban birnin cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da ita. A Arewa ma aikin rigakafin shan inna ya sa an zana ƙauyuka da rugage da yawa da ba su taɓa hawa taswira ba, kuma ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta yi aiki sosai a wannan fanni. Daga wannan taswira SUMO ke ɗaukar hanyoyi kai tsaye, manhajoji da yawa ma daga nan suke sha. Buɗe ta yau ka nemi garinku. In ka ga fari fat, ko ka ga an rubuta sunan garin a karkace, to aikinka ne. Ka yi rajista, ka zana hanyar da ka sani, ka nuna ta burji ce ko ta kwalta, ka sa asibiti da makaranta da kasuwa da rijiyar burtsatse. Sharuɗɗa uku kawai: kada ka kwafa daga Google Maps, dokar taswirar ta hana, kada ka sa sunan gidan kowa, in kuma yankinku na fama da matsalar tsaro, ka fara shawara da manya kan abin da ya dace ya fito da wanda bai dace ba, kuma kada ka shiga daji saboda taswira. Rai ya fi furojet.

Wata mai zuwa zan kare aikina in Allah ya yarda. Ban sani ba ko titin nan za a taɓa gina shi a rayuwar Baba. Abin da na yi niyya shi ne in buga kwafi biyu fiye da wanda makaranta ta nema, ɗaya in kai sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu, ɗaya in damƙa wa mai unguwa, da taswirar a babbar takarda da sunayen wurare da Hausa, domin ranar da wani ya zo da gireda da zanensa na ofis, a samu abin shimfiɗa masa a gaba.

Wanda ke son in nuna masa yadda ake fara zane a taswirar, ya same ni a masallacin makaranta bayan Juma'a, ya zo da laftof ko da waya ce, da cajinta. Awa ɗaya ta isa ka sa garinku. 'Yan uwa mata ma akwai wadda na koya wa a sashenmu, za ta zauna da ku. Ku sa ni a addu'a, Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya, ya mayar da mu gida lafiya da abin da zai amfani mutanenmu.